Saƙon “ku kashe waya yau da dare” da fashewar hasken gama

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar fiziks ce a wata sakandare a Tudun Wada. Kwana uku ke nan wani saƙon murya yana yawo a zauren danginmu na WhatsApp, wai masana sun yi gargaɗi cewa wani haske mai guba zai ratsa duniya daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:30 na dare, kowa ya kashe wayarsa ya nesanta ta da jikinsa. Mahaifiyata tana Rigasa, tana da hawan jini, daga ita sai 'yar jikarta a gidan. Tun ranar, da ta idar da isha'i take kashe waya ta saka ta a tukunya ta rufe. Na so in ƙaryata, sai ƙanena ya turo min labarin fashewar hasken gama ta 2022 da aka ce ta taɓa saman iskar duniya, sai bakina ya mutu. Ya ƙara da cewa masanan ma yanzu sun ruɗe, ka'idar Einstein ta fara rushewa. Malam, barci ya gagare ni. Me zan gaya wa Hajiya?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Ki kira Hajiya yanzu, tun da rana wayar tana kunne, ki ce daga yau ta bar ta a kunne kusa da filo. Saƙon ƙarya ne daga farkonsa har ƙarshensa. Abin tsoro guda ɗaya da na gani a cikin wasiƙarki shi ne tsohuwa mai hawan jini ta kwana da waya a cikin tukunya.

Ƙanenki bai yi ƙarya ba a kan 2022, sai dai ya tsaya a rabin labari. Ranar Lahadi 9 ga Oktoba ne, ƙarfe 2:17 na rana agogon Najeriya, tauraron ɗan'adam na Fermi ya kama fashewar hasken gama, wato nau'in haske mafi ƙarfi wanda ido ba ya gani, da aka sa wa suna GRB 221009A. Tun daga 1967 da taurarin leƙen asirin Amurka na Vela suka fara cin karo da irin wannan abu ba a taɓa ganin mai ƙarfinta ba, har na'urori da yawa suka makance na ɗan lokaci saboda hasken ya fi ƙarfin ma'auninsu. Masu lissafi sun ce irinta sai a yi shekara 10,000 kafin a sake gani. Wani ƙaton tauraro ne ya rufta ya zama baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya kuɓuta daga jansa, ya harbo siririn haske, hasken ya yi tafiyar kusan shekara biliyan 1.9 kafin ya iso mu. Cibiyar LHAASO da ke kan duwatsun Sichuwan a ƙasar Sin ta gano, ta hanyar ɓarɓashin da suka tayar a saman iska, alamun ƙwayoyin haske masu ƙarfin da ya haura TeV 10 (TeV ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske ne).

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau. A wannan lokacin ɓangaren duniya da ke fuskantar hasken shi ne Asiya, Turai da Afirka. Na zauna na yi lissafin da kaina: daga Kaduna, abin yana ta gabas, kusan digiri 30 daga doron ƙasa. Wato mafi girman fashewar da ɗan'adam ya taɓa aunawa ta sauka a kan Rigasa da Tudun Wada da Kawo da Barnawa tsakar rana, wayoyin kowa a kunne, wasu ma suna manne da kunne. Ni ina gida, yajin aikin malaman jami'a bai ƙare ba, ina fama da lissafin kuɗin cefane. Ban ji komai ba. Hajiya ma ba ta ji komai ba, ke ma haka.

Taɓa saman iska da aka ce ta yi gaskiya ne. Ta ƙara cajin ayonosfiya, wato sashen iska mai caji da ke can sama, na ɗan lokaci, masu sauraron siginar rediyo mai dogon zango suka ga layinsu ya ɗan karkace, daga baya a 2023 aka wallafa cewa wani tauraron ɗan'adam na haɗin gwiwar Sin da Italiya ya ji motsin a kusan kilomita 500 sama da ƙasa. Rana tana yi wa ayonosfiya fiye da haka duk lokacin da ta yi tartsatsi mai ƙarfi. Kin san nauyin iskar da ke kanmu, kusan kilo ɗaya a kan kowane santimita murabba'i, kwatankwacin mutum ya kwanta ƙarƙashin ruwa mai zurfin mita 10. Hasken gama ba ya ratsa wannan. Da yana ratsawa, wa zai kashe maƙudan kuɗi ya harba taurarin ɗan'adam irin su Fermi da Swift sama? Da a bayan ɗakin gwaji za mu kafa su mu huta.

Kada in ɓoye miki, idan irin wannan ta tashi a cikin garken taurarinmu, wato tarin taurarin da ranarmu take ciki, tazarar 'yan dubban shekarun haske, kuma bakin bindigar ya saitu da mu, za ta yi ɓarna. Ɓarnar a kan lemar ozon ce, hasken rana mai ƙuna ya riƙa sauka shekara da shekaru. Akwai masu hasashen cewa hakan na cikin abin da ya jawo mutuwar halittun teku shekara miliyan 445 da suka wuce, amma hasashe ne. Kusan kullum ana kama fashewa guda, kuma dukkansu daga wasu garkunan taurari masu nisan gaske suke zuwa. Dogayen cikinsu ma sun fi son ƙananan garkuna marasa yawan sinadarai masu nauyi, namu kuwa yana da su da yawa.

Batun Einstein kuma, ki gaya wa ƙanenki ya sassauta. Ranar 17 ga Agusta 2017 na'urorin LIGO da Virgo suka ji kaɗawar sarari daga karon taurarin nutron guda biyu, wato dunƙulallun ragowar taurarin da suka mutu, a garken NGC 4993, tazarar shekarar haske miliyan 130. Bayan sakan 1.7 sai hasken gama ya iso daga wuri guda. Tafiyar shekara miliyan 130, bambancin bai kai sakan biyu ba. Kamar motoci biyu ne su tashi daga Kawo zuwa Zariya, su isa tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai faɗin ƙwayar zarra ɗaya ba. Ka'idar Einstein ta ce gudunsu ɗaya ne, haka kuma aka samu. A wannan rana ɗaya aka binne tarin ka'idojin da mutane suka yi shekaru suna ginawa don su maye gurbin tasa. Sannan a 14 ga Janairu 2025 aka kama karon baƙaƙen ramuka mafi fitowa sarai da aka taɓa ji, GW250114, ya gaskata maganar da Stephen Hawking ya yi tun 1971 cewa faɗin fuskar baƙin rami ba ya raguwa bayan haɗuwa.

Inda ake da gardama ta gaske shi ne saurin buɗewar sararin samaniya. Masu auno daga tsohon hasken farkon halitta suna samun kusan 67 a ma'aunin wannan sauri, masu auno daga taurari na kusa suna samun kusan 73, kuma kowa ya ƙi sauka. Aikin DESI da ke Arizona ya fitar da sakamako a 2024 da Maris 2025 mai nuna cewa wataƙila ɓoyayyen makamashin da ke tura sarari yana raguwa da tafiyar zamani, amma hujjar ba ta kai matakin da ake cewa an gano ba. A fagen fashewar gama ma littattafan da kike koyarwa da su sun fara tsufa. Dā muna cewa gajera daga karon nutron take, doguwa daga mutuwar tauraro. Sai ga GRB 211211A da GRB 230307A, dogaye ne amma da alamun karo, har madubin hangen nesa na James Webb ya hango alamar sinadarin teluriyam a ta biyun. A Yulin 2025 kuma aka ga wadda ta ɗauki sa'o'i kusan bakwai. Wannan shi ne irin ruɗewar masana, ruɗewar wanda ma'auninsa ya ƙara kyau har ya fara ganin abin da dā ba ya gani. Babu ko ɗaya a ciki da ya shafi wayar Hajiya.

To, bari in zo kan abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, don kusan kowane wata sai an tare ni da shi, a masallaci, a wurin ɗaurin aure, har a layin gidan mai. Wai an san lokacin da abin zai zo.

Malama, ke malamar fiziks ce. Hasken gama haske ne, gudunsa gudun haske. Wane ɗan aike ne zai riga shi isowa ya ce mana yana tafe? Babu. Ranar da ka gan shi ranar ya iso, sakan da ka gan shi ya riga ya wuce ka. Tsarin sanarwar da masana ke amfani da shi yana aika saƙo ga madubai a faɗin duniya cikin 'yan sakanni bayan fashewar, ina maimaitawa, bayan, don su juya su kalli ragowar hasken kafin ya dushe. Waccan kaɗawar sarari ta 2017 ta riga hasken gama isowa daga wurin fashewa, amma da sakan 1.7 kacal, ita ma sai da komai ya wuce aka haɗa lissafin. Sakan 1.7 bai isa mutum ya ciro waya daga aljihun babbar riga ba. Amma wani yana zaune a ɗakinsa, da muryar nan ta masu sanarwar rasuwa, yana ba ki jadawali, daga 12:30 zuwa 3:30, kamar jirgin ƙasan Rigasa zuwa Abuja.

Kuma 12:30 ɗin wace ƙasa? Lokacin da dare ya raba a Kaduna, hantsi ya kusa yi a Beijin, a Amurka kuma ko magariba ba a yi ba a wasu jihohin. Duniya dunƙulalliya ce, haske daga waje rabinta yake samu, babu ruwansa da agogon bangon kowa. Sannan ki sake sauraron saƙon, za ki ji babu kwanan wata. “Yau da dare” kawai. Shi ya sa ba ya mutuwa. Fiye da shekara goma yana zagaya duniya, wani lokaci a jingina shi ga NASA, wani lokaci ga BBC, ya shiga Turanci ya fito, ya shiga Hausa, kwanan nan ya samu murya. Ke da kanki kin ce kwana uku ke nan. Daren farko ya wuce lafiya, me ya hana a tsaya a tambaya?

Na san abin da ke ruɗa wasu masu ɗan karatu: sun ji ana hasashen guguwar rana, kamar ta 10 da 11 ga Mayu 2024. Wannan daban ne. Hasken rana yana iso mu cikin minti takwas, amma curin iskar mai caji da take watsowa yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku, don haka muna ganin tashinsa kafin ya iso. Ita ma damuwarta ta masu kula da taurarin ɗan'adam ce da manyan layukan lantarki na ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa. Ba a taɓa cewa tsohuwa ta saka waya a tukunya ba.

Ita wayar ma mene ne laifinta? Siginar rediyo take aikawa, mafi ƙarfinta ba ya wuce wat biyu, kuma ba ta da ƙarfin fasa ƙwayar halitta. Ba ta jawo hasken gama, ba ta tara shi, ba ta kiran sa. Ƙwayoyin muwon kuwa, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu caji da ke saukowa daga sama, ki buɗe tafin hannunki yanzu, kusan guda ɗaya tana ratsa shi kowane sakan, dare da rana, tun ranar da aka haife ki. Haka suka ratsa kakanninmu da ba su taɓa ganin waya ba. Kashe wayar ba ya rage ko ɗaya.

Mutane sukan ce min, “To Malam, mene ne a ciki? Idan ƙarya ne ai ba a yi asarar komai ba, rigakafi ya fi magani.” Wannan maganar ce take tayar min da hankali. Wani dare wajen ƙarfe biyu aka riƙa dukan ƙofar gidana kamar za a ɓalle ta. Maƙwabcina ne, ba takalmi, matarsa naƙuda ta zo da jini. Ya kira mai Keken da suka yi alkawari da shi, a kashe. Ya kira yayarsa ungozoma, a kashe. Ya kira ni, tawa tana kunne amma uwargida ta kai ta kicin ta ajiye a kan buhun shinkafa ba da sanina ba, don ita ma an turo mata saƙon. Ina neman makullin mota hannuna yana rawa, ita tana tsaye da ɗankwali a hannu ta kasa kallona. Mun kai ta asibiti, Allah ya sa an samu uwa da ɗa. Amma ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta dube mu ta ce me ya zaunar da mu har yanzu. Ba ni da amsar da zan ba ta da ba za ta ba ni kunya ba, ni da nake koyar da wannan abu.

A garin nan, da muka san abin da dare ke iya zuwa da shi, har wani ya ce kashe waya ba asara ba ce? Mutanen da aka katse wa layin waya a wasu sassan jihar nan a ƙarshen 2021 su za su gaya miki yadda ake ji idan abu ya faru babu wanda za a kira. Kuma ba yau muka fara ba. A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo irin wannan ne ya tashi mutane da asuba suna wanka da ruwan gishiri suna sha. An rasa rayuka, kuma masu hawan jini irin Hajiya su ne gishiri ya fi yi wa illa. Shi ma “ba a asarar komai” aka ce.

Bayan mai saƙo kuma sai mai kaya. Na tsaya a kasuwa na kalli wani yaro da tire cike da 'yan sitika masu ƙyalli kamar takardar alawa, wai a manna a bayan waya su tsotse gubar sama. Na ɗauki ɗaya na ɓare, leda ce da gam. Na ce masa ruwa mai zurfin mita 10 ne yake tare abin nan, yaya wannan za ta yi? Ya ce shi ma sarowa ya yi. Shi ban ga laifinsa sosai ba, talla yake. Wanda ke ba ni haushi shi ne mai zama a gidan rediyo da sayen fili, ya kira kansa dakta, ya haɗa hasken gama da eriyar waya da hoton ƙashi da tukunyar ɗumama abinci ya kira su duka “guba”, sannan ya karanto lambar da za a same shi don maganin wanke jini. Ƙarshen wannan hanya na gan shi da idona: mace mai ciwon daji a mama, likita ya rubuta mata gashi, dangi suka ce ai hasken nan ne da aka ce yana kisa, suka mai da ita gida. Gashin nan haske ne mai ƙarfi, gaskiya ne, wasu na'urorin ma hasken gama ne daga kobal-60, amma aunannen abu ne da ake saitawa kan ƙarin. Sai da ciwon ya ci ƙarfinta aka dawo da ita.

Mu ma da muke da ilimin muna da namu kason. An taɓa gayyata ta wani shiri in yi bayanin wannan saƙo, aka ce sai na samu izini a rubuce daga sama. Takardar ta yi mako uku tana hawa tebur tana sauka, ranar da ta fito jita-jitar ta riga ta ci kasuwarta ta watse. Hukumomin da aikinsu ne su ce “ƙarya ne” cikin awa guda, idan sun yi magana ma da Turanci suke yi, a shafin da Hajiya ba za ta taɓa buɗewa ba. Shi kuwa mai ƙaryar ba ya neman izinin kowa, kuma Hausarsa tatacciya ce.

'Yan uwa, mu ji tsoron Allah a kan maɓallin turawa. An umarce mu da bincike idan labari ya zo mana, an kuma gaya mana cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Ranar da rana ta yi husufi daidai da rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, mutane suka ce don rasuwarsa ne. Yana cikin baƙin cikin rashin ɗa, amma bai bar maganar ta kwana ba, ya miƙe ya gyara ta. Mu kuwa saƙo ya zo da “don Allah ka tura wa masoyanka”, sai mu tura wa zaure goma muna ganin lada muke tarawa, alhali wanda ya kashe waya saboda turawarka, duk abin da ya same shi a daren nan da hannunka a ciki.

Ke kuma Malama, kada ki je wa Hajiya da lissafin TeV. Ki ce mata kin tambayi malamin da aikinsa ke nan, ya ce babban ya riga ya zo ya wuce tun 2022, da rana tsaka, tana zaune lafiya. Ki yi saƙon murya da bakinki ki saka a zauren dangin, don murya ce ta kawo abin, rubutu ba zai kore shi ba. Ki koya wa jikar yadda za ta kira lambarki da ta maƙwabci mafi kusa, ki tabbatar akwai kati a wayar. Ranar Litinin kuma ki shiga aji da saƙon, ki kunna wa 'yan SS2, ki ce su nemo miki kurakurai uku a ciki kafin a kaɗa ƙararrawa.